Wariyar da babu mai ita

Ka tambayi duk malamin lakwal da ka ga dama a Damagaram ko yana fifita wani yaro a kan wani saboda ƙabila ko asali, zai ce maka Allah ya kiyaye, duka ƴaƴansa ne. Mafi yawansu kuma gaskiya suke faɗa. Amma ka bi ajin nan da aka cika maƙil a shekarar farko, ka je ka same shi ranar jarrabawar bepese, ka duba su wa suka rage. Ɗan Birni yana nan, ɗan Zango yana nan, ɗiyar ma'aikacin da aka turo daga Yamai tana nan. Yaron da iyayensa suka taso daga ruga, da ɗan Abzinawan wajen Tanut, da ɗan Tubawan da suka gangaro daga Tasker, da yaran unguwar Kara-Kara, sai ka yi ta laluben su. Babu wanda ya kore su, babu takardar da ta hana su ci gaba. To ta yaya gidan da kowa a cikinsa yake da kyakkyawar niyya yake zubar da yara haka, shekara da shekaru, kuma kullum daga gefe guda?

Baƙaƙen fatan Amurka ne suka fara zama suka yi wa wannan abu nazari, don su ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. A 1954 kotun ƙolin ƙasar ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe. A 1960 sai da jami'an tarayya suka riƙa raka wata yarinya mai shekara 6, Ruby Bridges, zuwa aji a jihar Luwiziyana, jama'a sun taru a bakin ƙofa suna yi mata ihu. Waccan wariya ce mai fuska, ana ganin mai zagi, ana iya kai shi ƙara. Da doka ta ture ta, sai aka ga tazarar ba ta tafi ba. A 1967 ɗan gwagwarmaya Stokely Carmichael da masanin siyasa Charles Hamilton suka raba abin biyu: akwai ƙiyayyar mutum ɗaya, akwai kuma wariyar da ta zauna cikin tsarin hukumomi, wadda take aikinta ko da babu mai ƙin kowa. Ga yadda take tafiya can. Kaso mai yawa na kuɗin makarantun Amurka daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Tun cikin shekarun 1930 kuwa an zana taswirar birane, aka shafa wa unguwannin baƙaƙe ja a matsayin wuraren da ba da bashi yake da haɗari. Gidajen suka rasa daraja, haraji ya yi kaɗan, makarantar unguwa ta talauce. Malamar da ke koyarwa can yau ba ita ta zana taswirar ba, wataƙila ma jikar mutanen unguwar ce. Duk da haka alƙaluman da ma'aikatar ilimin ƙasar ta fitar a 2014 sun nuna ana korar ɗalibi baƙi ko dakatar da shi ninki uku na yadda ake yi wa fari.

Shari'ar da ta fi kama da namu hali, a ganina, a Turai aka yi ta. A garin Ostrava na ƙasar Cek akwai ƴan ƙabilar Roma, mutanen da suka daɗe ana ƙyamarsu a nahiyar. Ana yi wa duk yaron da aka ga ba ya ja gwajin basira iri ɗaya, wanda ya faɗi a kai shi makarantar masu raunin ƙwaƙwalwa. Gwaji ɗaya, harshe ɗaya, ma'auni ɗaya, wa zai ce an yi rashin adalci? Har iyaye sun sa hannu. Amma da aka ƙirga, sai aka tarar yaron Roma ya fi sauran yara yiwuwar faɗawa can har ninki 27, don an tsara gwajin ne da harshe da rayuwar yaran masu rinjaye. A 2007 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce wannan wariya ce, kuma ba sai an kawo shaidar mugun nufi ba, sakamakon ya isa shaida.

Na san abin da za a ce a fada: wannan ai rigimar Nasara ce, mu nan duka baƙaƙe ne, sahu ɗaya muke bi a masallaci. Sai dai launin fata ba shi ne ginshiƙin abin ba. Ginshiƙin shi ne tarihi ya ajiye mutane a wurare daban-daban, sannan a zo da ƙa'ida guda a ce kowa ya bi, a kira wannan adalci. Kuma idan akwai mutanen da bai kamata a yi musu dogon bayani a kan haka ba, Damagarawa ne. Nan ne babban birnin mulkin Faransa a ƙasar nan har 1926, da aka ɗauke shi aka kai Yamai. Manyan makarantu da ofisoshi da hanyar samun aikin gwamnati suka bi shi yamma, aka sami ƴancin kai a 1960 da wannan karkata, sai 2010 garin nan ya sami jami'a tasa. Kowane Badamagare ya haddace wannan ƙorafi, kuma ya san ba sai wani a Yamai ya tsane shi ba kafin tazarar ta same shi. Dattawanmu da suka yi lakwal ta da ba su manta da sambol ba, abin nan da ake rataya wa yaro a wuya idan bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Mun san tsari sarai, in dai mu yake cizo.

Inda ido ke rufewa shi ne inda tsarin yake yi mana daɗi. Leƙa ajin farko a wata unguwar bakin gari. Madam ta rubuta a allo, ta karanta da Faransanci, yara suna kallonta. Ta maimaita, shiru. Sai ta ajiye alli ta juya da Hausa: “Ku dubo nan, ƴaƴana. Goro uku ne a hannuna, na ba Inna ɗaya, saura nawa?” Aji ya ɗauka baki ɗaya: “Biyu, Madam!” Ta yi abin da ya kamata, duk malamin kirki haka yake yi, da wannan juyi ne dubban yara suke tsira. Amma a bencin baya akwai yaron da aka kawo bana daga daji, Tubanci ko Fulatanci ko Tamashek kawai ya sani. Faransancin bai ji ba, Hausar da aka kawo don ceto ita ma bai ji ba. Ya ɗaga allonsa kamar yadda ya ga ana ɗagawa, babu kome a kai. Cikin yara saba'in ko fiye, Madam ba ta da sararin da za ta gano cewa harshe ne, ba kai ba. Wata biyu, an san shi da “ba ya ja”. Ƙarshen shekara ya maimaita aji. Kafin Hausarsa ta nuna, sunan ya riga ya bi shi, shi ma ya yarda. Ranar da mahaifinsa ya ce ya dawo ya bi dabbobi, za a ce ai dama mutanen nan ba sa son boko.

Abin mamaki, a garin nan aka fara neman maganin wannan ciwo. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yaro zai fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci. Hujjar ba ta canza ba har yau: yaro ya fi saurin kama karatu da lissafi da harshen da yake mafarki da shi. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. Sai ga kundin sake gina ƙasa na Maris 2025, wanda ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ya bar sauran a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. Ban ga laifin Bahaushen da ya yi murna ba, bayan shekarun sambol. Fiye da rabin ƴan ƙasa Hausawa ne, wasu da yawa kuma da ita suke ciniki. Amma hujjar da muka riƙe shekara hamsin muna faɗa da Faransanci ba tamu ce mu kaɗai ba. Idan ta yi wa ɗan Mirya aiki, ta yi wa ɗan Gure mai Barbarci, ta yi wa ɗan Belbeji. Ranar 16 ga Yuni da muke fitar da yara fareti da sunan ranar yaron Afirka, tunawa ce da ɗaliban Soweto ta Afirka ta Kudu na 1976, waɗanda aka harbe don sun ƙi a tilasta musu karatu da harshen masu mulki. Ba na cewa muna kusa da can. Ina cewa dai wanda harshensa ya hau sama shi ne na ƙarshe da yake jin nauyinsa a kan wasu.

Bayan harshe sai takarda da kalanda, su kuwa ba sa hayaniya. Ba a rubuta ɗalibi jarrabawar ƙasa sai da takardar haihuwa. Wanda aka haifa a gidan haihuwa na cikin gari, takardarsa tana zuwa cikin sauƙi. Wanda aka haifa a bakin rijiya arewacin Tanut, lokacin bayyana haihuwa ya wuce tun kafin uban ya ga wani ma'aikaci, sai an bi ta hannun alƙali, da shaidu, da kuɗin mota. Ƙa'idar ɗaya ce ga kowa, farashinta ne ba ɗaya ba. Lakwal tana buɗewa a Oktoba ta rufe da faɗuwar damina, an gina ta ne a kan iyalin da ke zaune wuri guda. Makiyayi kuwa ruwa da ciyawa yake bi, idan rani ya tsananta dole ya tashi, yaron kuma rajista ta rubuta masa fashi. Shi ya sa a yankunan makiyaya abincin kantin ba alfarma ba ne, shi ne makarantar: ranar da buhu ya ƙare, aji ya watse. Ga azuzuwan zana, da ba a kafa su sai an girbe hatsi an sami kara, a kwashe su da ruwan farko, yaransu sun yi asarar makonni gaba da baya alhali jarrabawa ɗaya za su zauna da ɗan ajin siminti. Gobarar Yamai da ta Maradi a 2021, da suka ci rayukan ƙananan yara a irin waɗannan azuzuwa, sun nuna cewa ba darasi kawai ake asara ba. Sannan a duba wa ake turawa can: galibi sabon ɗan kwantaragi, wanda bai jin harshen wurin, albashinsa na makara, idonsa na kan ranar da za a dawo da shi gari. Ƙwararren malami yana tsakiyar birni.

Akwai kuma wadda ba mu son a taɓo, maganar asali. Damagaram ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimun, ayari na fita nan zuwa Tarabulus, kuma cikin abin da ayarin ke ɗauka har da mutane. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905, amma sai 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. A 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Wannan ba tarihin kaka da kakanni ba ne, yaran da aka haifa a shekarar hukuncin yanzu suke lise. Fam ɗin shiga makaranta ba ya tambayar wane ne kakanka. Amma unguwa ta sani, yara kuma daga gida suke zuwa da abin da suka ji. Sun san gidan da ake cewa bayin gidan wane ne, sun san ɗan maƙera da ɗan mahauta da ɗan wanzamai, sun san wanda ba za a ba shi aure a gidansu ba. Kara-Kara unguwa ce da aka ware tun da don kutare da waɗanda gari ya ture, yau jikokinsu lafiyarsu lau, amma ambaton sunan unguwar kawai ya isa a ɗaga gira. Idan biro ya ɓata a aji, jakar wa ake fara zazzagewa? Idan aka yi dambe tsakanin ɗan babban gida da ɗan can, wa ake kira wa uba a sasanta, wa ake ce wa ya tattara kayansa? Wa ake naɗawa shugaban aji, mai rubuta sunayen masu surutu?

Waɗannan ƙananan abubuwa ba ƙanana ba ne. A wani bincike da Rosenthal da Jacobson suka wallafa a 1968, an gaya wa malaman wata firamare a Amurka cewa wasu yara za su yi fice a bana, alhali da ka aka tsamo sunayen. Ƙarshen shekara, musamman a ƙananan azuzuwa, yaran nan suka fi sauran ci gaba. An yi ta gardama a kan girman tasirin, amma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san hanyar: wanda kake sa ran zai iya, shi kake tambaya, shi kake jira ya yi tunani, shi kake gyara wa da haƙuri. Wanda ka cire rai da shi, ko ya ɗaga hannu sai idonka ya tsallake.

Za a ce ai muna da maganinmu na gargajiya, taubasantaka. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne, UNESCO ma ta sa wasan taubasai na Nijar cikin gadon duniya a 2014. Babarbare da Bafulatani su haɗu su yi wa juna tas a rabu ana dariya, mu da Kanawa haka muke tun bayan yaƙe-yaƙe. Sai dai sharaɗin wasan shi ne kowa yana da bakin ramawa. Mushe mai shekara arba'in, da bulala a hannu da jan biro, idan ya ce wa yaro mai shekara takwas “kai Bafulatani, me ya haɗa ka da lissafi, ina shanun?” aji ya kwashe da dariya, yaron ba shi da damar mayarwa. Kuma akwai waɗanda ba su da abokin wasa sam. Kalmar “bawana” tsakanin taubasai raha ce, amma idan ta sauka a kan yaron da gari ya san tarihin gidansu, ba ya jin ta a matsayin raha. Haka ƴaƴan Kiristoci da baƙi ƴan kasuwa daga Najeriya da Benin da Togo, waɗanda suka ga an ƙona majami'u a garin nan a Janairun 2015, sannan suka koma suka zauna benci ɗaya da sauran yara ba tare da wani babba ya buɗe maganar ba.

Tunda cutar ba a zuciya take ba, wa'azi kaɗai ba ya warkar da ita. A tara malamai a ce su ji tsoron Allah su daina bambanci, kowa zai gyaɗa kai da gaskiyarsa, gobe aji ya ci gaba da tacewa. Abin da ya fallasa Ostrava ƙirga ne. Darakta da malamansa suna iya zama ƙarshen shekara su ɗauko rajista: cikin waɗanda suka maimaita aji, da waɗanda suka daina zuwa, da waɗanda aka kora, nawa ne ba Hausa ake yi a gidansu ba, nawa ne daga wace unguwa, nawa ne ba su da takarda, nawa ne mata? A nan dole a yi hattara. Ruwanda ta rubuta ƙabila a katin ɗan ƙasa, ta raba guraben makarantu da ita, an ga inda abin ya kai a 1994. Don haka ba ƙabila za a liƙa wa yaro a fayil ba, balle asali. Harshen gida da unguwa da nisan tafiya sun isa su nuna inda ake yoyo, kuma lissafin na gyaran makaranta ne, ba na yi wa yaro tambari ba.

Da yawa daga gyaran ba ya jiran Yamai. Tun makon farko a tambayi kowane yaro harshen da ake yi a gida, a zaunar da sabon zuwa gaba, kusa da wanda ke jin harsunan biyu, ba a tura shi baya ba. A tattara sunayen marasa takarda tun ajin farko a miƙa ga magajin gari don zaman alƙalai na tafi-da-gidanka, maimakon a farga ana saura wata biyu jarrabawa. Hukunci ya zama a rubuce, laifi kaza horo kaza, don kada sanayya ta yanke. Shugabancin aji ya riƙa zagayawa. A darasin tarihi a faɗi ƙarfin Damagaram, a faɗi kuma su wa aka ɗora ƙarfin a kansu, ba tare da an nuna gidan kowa da yatsa ba. Wasu kuwa sai hukuma: raba ƙwararrun malamai, ɗaukar masu jin Tubanci da Tamashek da Fulatanci da Barbarci a tura su inda ake bukatarsu, buga littattafai da waɗannan harsuna kamar yadda za a buga na Hausa.

Sai kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye, inda ake yanke maganar kuɗin gudummawa da gyaran aji da wanda za a yafe wa. Je ka taronsu. Kujerun gaba na Alhaji ne da tsohon ma'aikaci da wakilin mai unguwa, ana magana da Hausa ana tsarma Faransanci. Can bakin ƙofa wani dattijo da rawani ya tsuguna, sandarsa a kafaɗa, ya baro dabbobi da ƙaramin yaro. Darakta ya ce, cikin ladabi: “Baba, ko kana da abin cewa?” Ya ce: “A'a, ranka ya daɗe, duk abin da kuka yanke daidai ne.” A rubuta cewa an amince baki ɗaya. Ba a hana shi magana ba. An dai sa taron a lokacin da ya dace da masu albashi, da harshen da ba zai iya gardama da shi ba, a gaban mutanen da bai saba ɗaga murya a gabansu ba. Irin wannan kwamiti yana bukatar kujerar da aka ware wa iyayen bakin gari da na ruga, da tafinta, da wani daga cikin iyaye mata da zai bi su har gida kafin ranar taro ya ji abin da ba za su faɗa a bainar jama'a ba, misali cewa jaka biyun gudummawa ita ce ta sa aka cire yarinyar, ko cewa a watan Maris za su tashi, suna neman gidan da zai riƙe musu yaron har a yi jarrabawa.